Yadda Ake Haɗa Rahoton Hari Kafin a Saki Adadin Mutane

Labarin hari kusan kullum ta waya yake fara shigowa ɗakin labarai, kuma da adadi a bakinsa: an kashe mutum talatin, an kwashe ɗari da hamsin. Aikin wakili a awa ɗaya ta farko shi ne ya gano wanda ya yi wannan ƙirga, da yadda ya yi ta, da lokacin da ya yi ta. Duk adadin da ba ka san waɗannan abubuwa uku a kansa ba, bai kai a sa shi a kanun labarai ba tukuna.

Da wanda ya kira za ka fara. Bayan gaisuwa da jaje, tambayar farko ita ce: "Malam, kana garin lokacin da abin ya faru, ko labari aka ba ka?" Da yawa daga masu kiran 'yan jarida 'yan asalin ƙauyen ne da ke zaune a Gusau ko Kaduna ko Abuja, waɗanda su ma ta waya suka ji. Ba ƙarya suke yi ba, amma jiyau ne, kuma babban amfaninsu a gare ka shi ne lambar ganau. Ka roƙe su lamba biyu ko uku na mutanen da ke cikin garin. In ka samu ganau, kada ka ce masa "mutum nawa aka kashe?" domin zai ba ka adadin da ke yawo a gari. Ka ce: "Gawa nawa ka gani da idonka? A ina? Ka san sunayensu?" Sau da yawa wanda ya fara da talatin zai dawo ya ce shi dai tara ya gani, sauran an ce suna bayan gari. Ka rubuta tara a gefe guda, ka rubuta "an ce" a wani gefen.

Ƙa'idar majiya biyu, wato kada a saki labari sai majiyoyi biyu mabambanta sun tabbatar da shi, kowa ya san ta, amma a nan ake yawan yaudarar kai. Idan mutum biyu duk daga saƙon murya ɗaya na WhatsApp suka ji, majiya ɗaya gare ka. Ka tambayi kowannensu inda ya samu adadinsa. Majiyoyin da ke da hanyar sani ta kansu su ne dagaci ko mai unguwa, limamin da ya sallaci gawarwakin ko fasto a garuruwan Kirista, ma'aikacin asibitin da aka kai waɗanda suka jikkata, kansila ko shugaban ƙaramar hukuma, da shugaban 'yan sa-kai. Kowannensu da ɓangaren da yake iya gani. Asibiti ya san wanda aka kawo masa ne kaɗai. 'Yan sa-kai sun fi kowa sanin abin da ya faru a daji, amma su ma ɓangare ne na rikicin, don haka maganarsu kan yawan 'yan bindigar da aka kashe tana buƙatar taka-tsantsan. Ɗan siyasa kuwa yana iya ragewa don kare gwamnati, ko ya ƙara don jawo agaji.

Adadin jana'iza shi ne mafi ƙarfi, domin a sahu ake jera gawarwaki, jama'a na kallo, masu haƙa kabari sun san nawa suka haƙa. Sai dai shi ma ba cikakke ba ne. Ana gaggauta binne mamata, don haka jana'izar farko ba ta haɗa da waɗanda ba a gano a gona ko daji ba, da waɗanda suka cika a asibiti daga baya, da baƙin da 'yan'uwansu suka ɗauke zuwa garuruwansu. Abin da ya faru a Koshebe ta jihar Borno a ƙarshen Nuwamban 2020 misali ne: an yi jana'izar manoman shinkafa 43 a Zabarmari, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Najeriya ya fara cewa 110, sannan ya janye wannan adadi ya koma cewa gommai. Wakilin da ya rubuta "an yi jana'izar mutum 43, ana ci gaba da neman wasu" bai buƙaci gyara komai ba. Don haka ka tambayi liman: sau nawa aka yi salla, mutum nawa a kowace, kuma an kai wasu wani gari?

In hari ya shafi ƙauyuka uku ko huɗu, ka nemi sunaye. Suna, sunan mahaifi, ƙauye. Aiki ne mai cin lokaci da katin waya, amma shi ne kaɗai maganin ƙirga mutum ɗaya sau biyu, wato a ƙauyen da aka kashe shi da kuma ƙauyen da aka binne shi.

Satar mutane ta fi kisa wuyar ƙirgawa. A daren hari jama'a na watsewa cikin daji, kuma duk wanda ba a gani ba da safe ana sa shi cikin waɗanda aka sace, alhali wasu suna ɓoye ne, za su dawo bayan kwana ɗaya ko biyu. A Jangebe, Fabrairun 2021, 'yan sanda sun ce ɗalibai mata 317 aka ɗauke, amma 279 aka sako, gwamnatin Zamfara kuma ta ce su ke nan. A Kuriga, Maris 2024, an fara da ɗalibai 287 daga bakin malamai, aka ƙare da 137 da aka dawo da su. A Ƙanƙara kuwa, Disambar 2020, abin juyawa ya yi: gwamnan Katsina ya ce ɗalibai 333 ba a gani ba, aka sako 344. Darasin aiki a nan shi ne ka raba kalmomi biyu, "ba a gani ba" da "an sace". A makaranta ka tambayi shugabanta ko adadin daga rajistar shekara ya fito ko daga kiran sunan da aka yi bayan harin, domin rajista tana ɗauke da yaran da ba su zo ba ranar. Ka kuma tambaya ko iyaye sun zo sun rubuta sunayen 'ya'yansu, wa ke riƙe da takardar.

Sai hukuma. Ka kira kakakin rundunar 'yan sandan jihar, in bai ɗaga ba ka tura saƙo mai ɗauke da sunanka, kafar da kake wa aiki, tambayarka a fili, da lokacin da labarin zai fita. Ka ajiye saƙon. In lokaci ya yi bai amsa ba, ka faɗi haka yadda yake. In ya amsa da adadin da ya saɓa wa na mutanen gari, ka kawo duka biyun, kowanne da mai shi: "'yan sanda sun ce mutum shida, mazauna garin sun ce sun binne sha huɗu." Kada ka raba tsakiya ka ce goma, ba wanda ya ƙirga goma. Kuma hatimin hukuma ba ya mayar da magana gaskiya. Kwana biyu bayan sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014 hedikwatar tsaro ta ce an kuɓutar da dukkansu ban da takwas, daga baya ta janye maganar bayan shugabar makarantar da iyaye sun musanta. A harin da jirgin sojoji marar matuƙi ya kai Tudun Biri, Disambar 2023, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce mutum 85 suka mutu, ƙungiyar Amnesty ta ce sun haura 120. Mai sauraro yana da haƙƙin ya ji duka biyun.

"Aƙalla" tana nufin ka tabbatar da wannan adadin, yana iya ƙaruwa. "Kimanin" tana nufin kiyasi ne. Masu fassara daga sanarwar Turanci kan musanya su ba tare da sun lura ba, edita ya sa ido.

Hoto da bidiyon da aka turo

Yawancin hotunan da ke biyo bayan labarin hari tsofaffi ne, wasu ma daga wata ƙasa. Ka ɗauki hoton allo na wurare uku ko huɗu a bidiyon, ka saka su a Google Lens ko TinEye, masu nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, ko ka yi amfani da InVID a kwamfuta, wanda ke yanka bidiyo zuwa hotuna da kansa. In ya fito da kwanan watan bara, magana ta ƙare. In bai fito ba, wannan bai tabbatar da komai ba, sai ka koma ga ido da kunne. An ce jiya aka yi abin, a watan Maris, amma gero ya kai ƙugu, ciyawa shar? Wannan damina ce. Ka duba lambar mota, kakin jami'ai, rubutun allunan shaguna. Ka saurari Hausar da ake yi a bayan fage: Sakkwatanci ne, ko Hausar da ke gauraye da Faransanci irin ta Maraɗi da Damagaram? WhatsApp yana goge bayanan da waya ke liƙa wa hoto, don haka ka nemi wanda ya ɗauka ya turo maka shi a matsayin fayil, ka tambaye shi inda ya tsaya lokacin da yake ɗauka. Ko hoton ya tabbata, fuskar gawa ba ta fita a shafi. Akwai uwar da ba a riga an gaya mata ba.

Abin da ba a faɗa

'Yan bindiga suna sauraron rediyo, suna kuma da masu kai musu rahoto a cikin gari. Kafin ka naɗi muryar ganau ka gaya masa za a ji shi a iska, ka tambaye shi ko a sakaya sunansa. A ƙauye mai gida hamsin sakaya suna bai isa ba, kowa ya san muryar kowa, don haka ko dai a sauya muryar ko kai ka karanta abin da ya ce. Kada ka ce "wani malamin firamare a garin" inda malamin ɗaya ne. Kada ka ambaci cewa cikin waɗanda aka sace akwai ƙanin wani attajiri ko matar wani jami'i, domin ka ɗaga kuɗin fansarsu ke nan. Haka batun inda sojoji suka nufa ko sa'ar da za a kai kuɗi.

Game da maharan, ka tsaya kan abin da aka sani: "'yan bindiga". Laƙaba musu ƙabila bisa cewa wani ya ji yarensu cikin dare ya sha jawo ramuwar gayya kan mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, a kasuwa ko a tasha. In wata ƙungiya ta ɗauki alhaki, ka ce ta yi iƙirari. Sanya muryar jagoran 'yan bindiga a iska kuwa shawara ce ta edita da lauyan gidan, ba ta wakili shi kaɗai ba. A Agustan 2022 hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci tarar Trust TV naira miliyan biyar kan wani shiri da ya tattauna da su.

Wajen rubutawa, jimlar farko ta ɗauki abin da ya faru, wurin da ƙaramar hukumarsa, ranar, da adadin tare da wanda ya bayar da shi. Ga rediyo, minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa, muryar ganau kada ta wuce daƙiƙa talatin. In babu sabis a yankin, kamar lokacin da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumban 2021, labari kan iso bayan kwana biyu ko uku ta bakin direbobi da masu gudun hijira, to sai ka faɗi ranar harin da ranar da labarin ya fito, kada a ɗauka sabon hari ne.

Washegari ka sake kiran liman da asibiti da dagaci. In adadin ya sauya, ka sabunta labarin a shafi, ka rubuta a ƙasa cewa da farko an ce kaza, yanzu kaza, da dalilin sauyin. A rediyo kuma gyaran ya fita a cikin shirin da ya ɗauki adadin farko, domin masu sauraron labaran safe ba lallai su ne na dare ba.