Yadda Ake Bin Sawun Tsofaffin Fayafayan Old-Time da Bluegrass

Mai neman tsohon kiɗan karkarar Amurka yakan fara da sunan waƙa ko sunan makaɗi, kuma nan ne yawanci yake ɓata. Suna yana yaudara a wannan fage, lamba ce abin riƙo. Kafin ka kai ga lamba, sai ka tantance zamanin abin da kake nema. Kiɗan da suke kira old-time, na goge irin na Turawa da molon banjo da jita, ya fara shiga faifai ne a 1922 da Eck Robertson, sai Fiddlin' John Carson a Atlanta a 1923, sannan ɗaukar da Ralph Peer ya yi wa kamfanin Victor a garin Bristol a 1927. Bluegrass kuwa ƙane ne, bai kankama ba sai da Lester Flatt da Earl Scruggs suka kasance cikin ƙungiyar Bill Monroe a 1945. Idan abin da kake nema ya girmi yaƙin duniya na biyu, galibi faifan garmaho ne mai juyi 78 a minti, inci 10, kimanin minti uku kowane gefe. Idan na shekarun 1950 zuwa 1970 ne, galibi ƙaramin faifai ne mai juyi 45 ko babba mai juyi 33.

Kowane faifan garmaho yana da lamba iri biyu. Akwai lambar kasuwa da aka buga a takardar tsakiya, akwai kuma lambar uwar faifai, wadda ake samu a karce a filin da ke tsakanin ƙarshen zanen sauti da takardar, wani lokaci kuma a kan takardar da ƙananan baƙaƙe. Ta biyun ita ce ta ainihin ɗaukar. Karkata faifan a hasken fitila ka karanta ta, ka rubuta har da ƙaramin harafi ko adadin da ke biye da ita, domin shi ke nuna karo na nawa aka ɗauka a ranar. Karo na 1 da na 2 na waƙa ɗaya kan bambanta a sauri, a baiti, har da kuskuren makaɗi, kuma wani lokaci duka biyun sun fita kasuwa da lambar kasuwa ɗaya.

Dalilin wannan wahala shi ne kamfanoni sun riƙa sayar da ɗauka guda da tambari daban-daban da sunayen aro. Kamfanin Gennett na garin Richmond a jihar Indiana ya shahara da haka: abin da ya ɗauka yana fitowa a Champion da Supertone da Silvertone da Challenge, kuma Bradley Kincaid ya koma Dan Hughey a kan Champion. Vernon Dalhart, wanda shi ma wannan ba sunansa na yanka ba ne, ya fito da sunaye masu ɗimbin yawa. Mutum zai iya kashe kuɗinsa sau uku a kan ɗauka ɗaya yana zaton ya yi tsintuwa. Amma akwai riba a ciki, don idan faifan Gennett ya gagara samu, na Champion mai lambar uwa iri ɗaya yakan zo da sauƙin kuɗi.

Da lamba a hannu, sai kundin bayanai. Na ɗaukar da aka yi daga 1921 zuwa 1942, kundin da Tony Russell ya fitar a 2004 shi ne madogara: yana ba da rana, gari, waɗanda suka yi kiɗan, lambar uwa, da duk tambarin da ɗaukar ta fita a kai. A intanet akwai DAHR, kundin bayanan tsofaffin fayafai na Jami'ar Kalifoniya a Santa Barbara, kyauta ne, kuma ana iya bincike da lambar uwa kai tsaye. Lambar kasuwa ma tana ba da haske: jerin 15000-D na Columbia da 45000 na OKeh na kiɗan fararen karkara ne. Kada ka tsaya nan. An ware baƙaƙen fata a jerin 14000-D da 8000, alhali wasunsu goge da banjo suke kaɗawa irin wannan salon, kuma banjo ɗin ma daga molayen Afirka ta Yamma ya samo asali ta hannun bayi. Idan kundin ya ce ba a fitar da ɗaukar ba, ka rage buri, domin uwayen ƙarfe da yawa an sayar da su a matsayin tarkace.

Kafin ka shiga gwanjo, duba ko an riga an sake fitar da abin. Kamfanonin County, Document, Yazoo, JSP, Old Hat da Bear Family ta Jamus sun kwashe dubban ɓangarori zuwa sababbin fayafai, Smithsonian Folkways kuma ba ta janye abin da ke kundinta daga kasuwa.

Bluegrass na bayan yaƙi ya fi wuyar bi, saboda ƙananan kamfanoni ne suka ɗauki mafi yawansa. Stanley Brothers da Rich-R-Tone na Johnson City suka fara a 1947. Ƙungiyoyi da yawa kuma su suka biya aka buga musu 'yan ɗaruruwa a wurare irin su Starday ko Rite ta Cincinnati, suka sayar a wurin wasa da coci. Irin waɗannan ba su da shekara a jiki. Lambar masana'antar da ke karce a gefe da adireshin da ke takarda su za ka kwatanta da na shafukan intanet na jerin fayafai, Discogs da 45cat. Idan adireshin yana da lambar gidan waya mai adadi biyar, faifan bai girmi 1963 ba. Ka tuna masu sha'awa ne ke cika waɗannan shafuka, don haka hoton takardar ya fi abin da aka rubuta a ƙarƙashinsa inganci.

Sashe mafi daɗi bai taɓa shiga kasuwa ba, wato abin da aka ɗauka a barandar gida ko wurin taron makaɗa. Yana taskoki: American Folklife Center na ɗakin karatun majalisar Amurka, inda ɗaukar Alan Lomax ta Kentucky a 1937 take, Southern Folklife Collection a Chapel Hill, Kwalejin Berea, da Archives of Appalachia a Johnson City. Shafin Slippery Hill da Field Recorders' Collective sun fitar da da yawa. Idan za ka rubuta wa ma'aikacin taska, ba shi sunan makaɗi, gunduma, jiha, kimanin shekara da sunan wanda ya ɗauka. Sunan taken kawai ba ya isa, don take ɗaya kan yi suna uku a gundumomi uku, suna ɗaya kuma ya rufe take biyu da ba su da dangantaka.

In dai sai ka sayi faifan asali, duba shafin Popsike ka ga farashin da aka sayar a baya. Masu sayarwa suna nuna lafiyar faifai da harafi: darajar E mai kyau ce, V ya sha allura, G kuwa duk da sunan, sai haƙuri. Nemi a saka maka sautin, ka tambayi tsagewar gashi da ba ta fita a hoto, kuma ka dage a matse shi tsakanin kwalaye masu kauri cikin akwati mai yalwa, domin ƙaron da aka yi shi da shi yana fashewa kamar tangaran.

Kada barasar goge-goge ta taɓa shi, tana narkar da fuskarsa. Ruwa tacacce da ɗigon sabulu mai laushi sun isa, ban da takardar tsakiya. Allurar babban faifai mai mil 0.7 (mil kashi ɗaya ne cikin dubu na inci) ta yi siriri, tana nutsewa ƙasan zanen ta kwaso ƙara, don haka nemi mai kimanin mil 3. Idan fuskar faifan tana ɓarewa ko ta yi farin gari, irin wanda ake yankawa nan take ne a gidan rediyo ko a gida, wasu na lokacin yaƙi ma gilashi ne a ciki. Bar wa ƙwararre. Wajen kwashewa a kwamfuta, ɗauki kwafi na farko ba gyara a 24-bit da 96 kHz ka ajiye, sannan ka yi tacewa a kan kwafi na biyu da manhajar Audacity. Juyin ma ba kullum 78 cif ba ne, amma kada ka yi gaggawar gyara shi don sautin ya sauka ƙasa da yadda kake zato: makaɗan goge na tsaunukan Appalachia sukan sassauta tsirkiya ko su ɗaure ta da wani tsari na daban, don haka saurari muryar mawaƙin da jitar kafin ka taɓa sauri.