Yadda Ake Haƙa Sokawe Don Kada Ruwan Gida Ya Gangara Rafin Aboabo

Kumasi gari ne na tudu da kwari. Ruwan wanka da na wanke-wanke da muke saki a kwata a nan Aboabo da Asawase ba ya tsayawa sai ya faɗa rafin Aboabo, ya haɗu da Sisa, ya zarce kogin Oda. Can ƙasa akwai masu lambu da ke ɗibar ruwan rafi suna ba latas da kabeji, su dawo mana da su kasuwa. Ni magini ne, kuma duk mai gidan da ya kira ni aiki nakan ce masa: Alhaji, ruwan gidanka ya ƙare a gidanka.

Kafin ka sa diga a ƙasa, gwada wurin. Jar ƙasarmu a wasu wurare tana da yumɓu, ba ta shan ruwa da sauri. Haƙa ɗan rami, ka cika shi da ruwa ya kwana, da safe ka sake cikawa ka sa sanda ka auna. In awa guda ta wuce ruwan bai sauka da inci 1 ba, nemi wani wuri. Da damina ake wannan gwaji, a watan Yuni in da hali, don ƙasar rani tana ruɗin mutum.

Ramin sokawen, wato wanda ruwan gida zai riƙa nutsewa a cikinsa, ya yi nisan mita 30 da kowace rijiya, har da ta maƙwabci. Ya kuma nisanci harsashin gini da kamar mita 5. Gindinsa ya tsaya aƙalla mita 1.5 sama da inda ruwan ƙasa yake, shi ya sa ba na yi wa gidajen bakin rafi sokawe ko nawa za a biya ni. A can kana haƙawa ruwa na tsattsafowa, ƙazantar kai tsaye za ta shiga rijiyoyin mutane. Gidajen zango a matse suke, na sani. Inda fili bai kai ba, gida 2 ko 3 su haɗa kuɗi su yi rami ɗaya babba.

Abin da ke kashe sokawe maiƙo ne. Gidan da ake dafa wake da shinkafa na sayarwa, ko ake suya da manja, in aka tura ruwan tukwane kai tsaye, maiƙon zai liƙe bangon ramin kamar an shafe shi da siminti, ruwa ya daina nutsewa ya dawo tsakar gida. Don haka kafin babban rami, gina ƙaramin akwati na bulo, ka raba shi biyu da bangon da bai taɓa ƙasa ba. Maiƙo ya taso sama a ɗakin farko, tsakin abinci ya kwanta, ruwan tsakiya ya bi ta ƙarƙashi ya wuce. Bakin bututun fita ya lanƙwaso cikin ruwan, kada ya tsaya a samansa. Murfin ya zama wanda Hajiya za ta iya ɗagawa da hannu ɗaya, domin duk mako sai an kwashe maiƙon an zuba a shara.

Babban ramin kuwa zurfin mita 2 zuwa 3 ya isa. Jera bulo da tazara a tsakani ba tare da yaɓe ba, ka zuba tsakuwa tsakanin bulon da ƙasa, ka rufe da kankare mai ƙarfi saboda yara. Ruwan kwanon rufi kada ya shiga ciki, ruwan sama ɗaya zai cika shi.

Salga kuma hanyarta daban. Nata tankin daban, in ya cika a kira mota ta kwashe ta kai inda ake sarrafa ƙazantar salga. Masu jiran a fara ruwa da dare su buɗe bututun salga cikin kwata, su ji tsoron Allah, akwai yaran da ke wasa a wannan kwatar da safe.