Yadda za ka je tsibirin Mabul ka ga ƙauyen Bajau da ke kan ruwa

Mabul dai wani ɗan ƙaramin tsibiri ne a jihar Sabah ta Malesiya, kusa da garin Semporna, ƙanƙantarsa ta kai ka zagaye shi da ƙafa awa ɗaya ba ta cika ba. In fasfo ɗinka na Najeriya ne to ka fara da biza, kuma kar ka manta katin rigakafin shawara. Daga Kuala Lumpur sai ka hau jirgin cikin gida zuwa Tawau, wani gari a Sabah, wajen awa uku, kuma fa a can ma sai sun sake buga maka hatimi a fasfo, don Sabah tana da nata shige da fice daban. Daga filin jirgi zuwa Semporna awa ɗaya da rabi a mota, sai kwalekwale mai inji ya kai ka Mabul cikin minti 45 ko sama da haka in teku ta tashi.

Ka ciri kuɗinka na ringgit, kuɗin Malesiya, tun a Semporna, tsibirin ba ATM. Sannan ka yi sammako, jiragen da safe suke tashi, dama yankin akwai tsaro sosai tun bayan sace mutane da 'yan Abu Sayyaf, ƙungiyar 'yan bindiga ta Filifin, suka yi a tsibirin Sipadan da ke kusa a 2000, za ka ga jami'ai da bindigogi a bakin ruwa, kar gabanka ya faɗi.

To batun ƙauyen. Gidajen katako ne a kan dirkoki cikin ruwa, an haɗa su da gadojin katako, wasu sun ruɓe wasu da giɓi a tsakani, don haka ka sa takalmi mai kama ƙafa ba silifas mai santsi ba, wayarka kuma a cikin leda. Bajau Laut mutanen teku ne, wasu har yau a cikin kwalekwalensu da suke kira lepa suke kwana suke girki, da yawansu kuma ba su da takardar kowace ƙasa, ba Malesiya ba Filifin, abin da ya hana yaransu makarantar gwamnati kenan, asibiti ma sai da tsada. A 2024 hukuma ta rushe wasu gidajensu a gandun ruwan Tun Sakaran da ke yankin Semporna, shi ya sa in ka ga suna ɗari-ɗari da baƙo mai kyamara ba girman kai ba ne.

Ka shiga da sallama, mafi yawan mutanen wurin musulmi ne, akwai masallaci ma a tsibirin. Ka nemi izini kafin hoto, musamman mata, za ka ga sun shafa wani gari fari ko rawaya a fuska, borak sunansa, garin shinkafa ne da kurkum saboda zafin rana. Ni abin da ba na so shi ne masu jefa wa yara alewa ko kuɗi cikin ruwa wai su yi nutso su ɗauko a ɗauki bidiyo, haba, ɗanka za ka so a yi masa haka? In kana son taimako ka sayi kifinsu ko kwakwa ko kaguwa ba tare da ka matse su a ciniki ba, ko ka kai shinkafa da sukari ta hannun wanda ya kawo ka. Kayan ado na bawon kunkuru ko murjani kam ka bar su, doka ta hana.

Abinci ba ka da matsala, kifi gasasshe da shinkafa ko'ina, ka gwada putu, rogo ne da aka goga aka turara, da kifi ake ci. In da hali ka daidaita tafiyarka da bikin Regatta Lepa na Semporna, bikin kwalekwalen lepa da ake yi tun 1994, amma ka duba ranar shekarar kafin ka yanki tikiti, kuma ka kama masauki da wuri don garin cika yake.