Darasi na 7: Sifirin, mai mayar da ƙarfe mazauninsa

Ku ɗauki biro mai dannawa. Ku danna kansa, bakin ya leƙo. Ku sake dannawa, ya koma ciki. Yanzu ku kwance shi. Kusa da bakin za ku ga wata siririyar waya a nannaɗe. Wannan shi ne sifirin. Aikinsa shi ne ya mayar da abin da aka tura ko aka ja inda yake tun farko.

A jikin babur

Babur ɗaya da ke tsaye a bakin titin Aboabo, a birnin Kumasi na Ghana, ya isa ya nuna mana iri uku. Idan aka murɗa totur aka saki, da kansa yake komawa. A yawancin ƙananan babura, akwai sifirin cikin kafireto wanda ake matsewa in an ba da wuta, shi kuma ya turo in an saki. Wannan shi ne na matsewa, irin na biro. Ƙarfen jingine babur kuwa, sifirin mai ƙugiya biyu ne ke riƙe shi sama. Shi ja ake yi, ya tsuke. Na uku yana jikin kik. Ba a matse shi, ba a jan sa, murɗa shi ake yi, irin wanda ke tsakiyar abin maƙale shanya.

Akwai waɗanda ido ba ya gani. A cikin birkin ƙafar baya akwai ƙarafa biyu masu lanƙwasa, makanikai na ce musu shu. In an taka birki sai su buɗe su kama ganga, wato ƙarfen da ya kewaye su yake juyawa da ƙafar. In an ɗaga ƙafa, sifirin ne ke janye su. Wanda ya fi kowa shan wahala shi ne na bawul, wato 'yar ƙofar da ke shigar da mai da iska ko fitar da hayaƙi a inji. Idan injin babur na juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa sau ɗaya a juyi biyu, sau 1,500 ke nan a minti, wato sau 25 a daƙiƙa ɗaya, kuma kowane karo sifirin ne ke rufe shi.

Ƙa'idarsa

Wani masani ɗan Ingila, Robert Hooke, ya wallafa ƙa'idar a 1678. Ga ta a sauƙaƙe: gwargwadon nauyi, gwargwadon miƙewa. In kilo 1 ya miƙar da sifirin santimita 2, kilo 2 zai miƙar da shi santimita 4. A kan wannan aka gina sikelin rataye da masu sayar da kaya ke amfani da shi a kasuwannin Kejetia da Asawase.

Amma ƙa'idar tana da iyaka. In an ja shi fiye da ƙarfinsa, ya miƙe ke nan, ba zai koma tsawonsa na da ba. Sikelin da aka taɓa ɗora wa buhun da ya fi ƙarfinsa, daga ranar ƙarya yake faɗi, ko da mai shi mutumin kirki ne.

Ba kowace waya ce ke zama sifirin ba. Sau da yawa ƙarfe ne mai tauri da aka gasa har ya yi ja, aka tsoma cikin mai, sannan aka sake ɗumama shi kaɗan don kada ya riƙa karyewa. Shi ya sa maƙera ke neman tsohon sifirin mota mai falle-falle su ƙera wuƙa da adda. Shi ya sa kuma wutar walda ke kashe shi. Da zarar ya yi ja a wuta ya huce a iska, ya zama waya kawai.

Idan ya gaji

Abu biyu ke cin sifirin: yawan aiki da tsatsa. Kumasi gari ne mai damina biyu a shekara, babur kuma kullum cikin ruwa da taɓo yake. Tsatsa tana fara cin ƙugiya, nan ne kuma ya fi karyewa. Ɗigon mai kaɗan bayan wanki yana ƙara masa kwana. Amma kada mai ya taɓa cikin gangar birki.

Alamun gajiya ba su da wuyar ganewa. Birki ya riƙe bayan an saki, ganga ta yi zafi, mai ya riƙa ƙarewa da wuri. Ƙarfen jingine ya riƙa saukowa yana kartar ƙasa, wanda kan kayar da mutum a kwanar hagu. Mafi haɗari shi ne totur da ya ƙi komawa. In ya faru kuna tafe, ku kama kuloci, ku taka birki, ku kashe inji.

Mutane da yawa kan yanko robar tsohon tib su ɗaure a madadin sifirin. Don a kai babur gida, to, ba laifi. Amma wanda ya bar roba a birki yana ɗaukar mutane, ya sayar da ransu a kan 'yan sidi kaɗan. Rana da mai suna cinye roba, kuma ba ta sallama kafin ta tsinke. Miƙar da gajiyayyen sifirin da hannu ma ba gyara ba ne, kwana kaɗan zai koma yadda yake. Yanke dogo don ya yi daidai kuwa ƙara masa tauri yake yi, domin zagayen da za su raba nauyin sun ragu.

In za ku saye a Suame Magazine, unguwar makanikai da masu sayar da kayan gyara a Kumasi, ku tafi da tsohon a aljihu. Ku jera shi da sabon, ku duba kaurin waya, faɗi, yawan zagaye da yadda ƙugiya ta lanƙwashe. In na birki ne, a canza duka biyun da ke janye shu tare. Wajen sakawa ku kau da fuska, don in ya kuɓuce ido yake nema. Babban sifirin ƙafar mota kuwa a bar wa makanike mai na'urar matse shi.

Aikin yi

1. Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku: sifirin, totur, birki, tsatsa.

2. Kilo 1 ya miƙar da sifirin santimita 3. Santimita nawa kilo 4 zai miƙar da shi?

3. Ku nemo abu biyu masu sifirin a gida, kamar kwaɗo ko tocila. Ku zo da su aji, ku faɗa wa malam ko na matsewa ne, ko na ja, ko na murɗawa.