Yadda ake haɗa keken enduro da saita shokozobansa kafin hawan farko

Sau uku ke nan ina ganin abu ɗaya a nan Kaduna. Mutum ya tara kuɗi ya yi odar keken enduro, ya haɗa, ya hau sau biyu, sai ya ce keken nauyi gare shi kuma ba daɗi, ya jingine shi a zaure. Duk ukun da na duba, iskar shokozoba ce ba a saita ba. Ni ma abin da ya same ni ke nan, shi ya sa zan fi daɗewa a kai.

Keken da nake nufi shi ne wanda fok ɗinsa, wato ƙafafu biyun da ke riƙe tayar gaba masu shokozoba a ciki, ke nutsewa milimita 160 zuwa 180, bayansa kuma 150 zuwa 170. An yi shi ne don gangaren dutse, kuma nauyinsa yakan kai kilo 16 ko fiye.

Kafin ka taɓa sifana, baza kayan a kan tabarma ka tabbatar sun dace da juna. Yawancin firam na yanzu faɗin aksil ɗin baya, wato sandar da ke ratsa tsakiyar taya, milimita 148 ne, na gaba 110. In tayarka ba haka take ba, kada ka bari wani ya ce zai buga ta shiga. Sai bututun fok da ke ratsa wuyan keke: sabo yakan zo da tsawo, dole a yanke. Ɗaura komai tukuna, ka bar rarar santimita biyu, sannan ka sa zarto. Abin da aka yanke ba ya dawowa, kuma fok irin RockShox ZEB ko Fox 38 kuɗinsa ya isa ya sayi wani keken sukutum.

Notunan wuya da na hannu akwai lambar ƙarfin ɗaurinsu a jiki, galibi wajen 5 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri). Sayi sifana mai auna ƙarfi, ba ɗaurin kan babur ake yi musu ba. Birki kuwa mai fistin huɗu da faifai milimita 200 ko 203, ƙasa da haka ban yarda da shi a wannan keken ba. Shimano man minara yake sha, wasu birkunan SRAM kamar Code na da kuma man birki irin DOT. Kada ka haɗa su, robobin ciki za su lalace.

Taya ka yi ta ba tif, ka zuba ruwan toshe huji. Duk wanda ya bi hanyoyin gona a bayan Mando ko wajen Rigachikun ya san aikin tsidau da ƙaya. Ruwan yana da tsada kuma zafinmu na busar da shi da wuri, amma ya fi zaryar wurin mai faci.

To, yanzu shokozoba. Ranar da na gama haɗa nawa ba ni da famfonsa, sai na kai wa wani mai faci ya ɗura masa iska da injinsa, tunda bakin irin na tayar mota ne. Iskar injin ba ta kai abin da shokozoban baya ke buƙata ba. Ina hawa keken ya zauna, feda na bugun duwatsu, a ramin farko na ji ƙarfe ya daki ƙarfe har cikin haƙorana. Famfon shokozoba daban yake, ɗan ƙarami ne mai agogo, yana kai 300 psi (psi shi ne ma'aunin ƙarfin iska). Saye shi tare da keken.

Ga yadda ake yi. Buɗe makullin da ke sa shokozoba tauri, ka buɗe shi duka. Sa kayan da za ka hau da su, hular kwano, takalmi, jakar ruwa, domin nauyinsu na cikin lissafi. Ɗura iska kaɗan-kaɗan, kana tsayawa kana danna sirdi a hankali sau da yawa don iskar ta ratsa ɗaki na biyu da ke ciki. Nan mutane ke tsallakewa, sai agogo ya nuna lamba mai kyau amma keken ya yi tauri. Samu wani ya riƙe maka hannun keken, ka hau, ka ɗan girgiza, ka natsu. Ya tura ɗan zoben robar da ke jikin sandar shokozoban har ya taɓa bakin shokozoban, kai kuma ka sauka a hankali ba tare da ka ƙara dannawa ba. Auna inda zoben ya tsaya. Ana son nutsewar ta zama kashi 30 cikin ɗari a baya: in tafiyar sandar milimita 65 ce, zoben ya matsa kamar 19 ko 20. A gaba kashi 15 zuwa 20, wato kada ya wuce milimita 34 a fok mai 170, kuma a tsaye kan feda ake auna shi. Ya zarce, ƙara iska. Bai kai ba, rage. Ni sai da na yi sau biyar.

In ka cire famfon za ka ji "fiss". Iskar tiyo ce, ba ta shokozoba ba, kada ka mayar ka ƙara. Rubuta lambar a waya.

Maballin mai launin ja da ke jikin shokozoba shi ke saita saurin dawowarsa bayan ya nutse. Fara daga tsakiya, ka sauko daga kan dakali a zaune. In keken ya cilla ka sama, rage saurin.

Da na gyara, a kan kwalta keken ya kasance mai nauyi dai, hawa tudu kuma sai da haƙuri da ƙaramar giya. Amma da na juya shi gangaren duwatsu, inda da nake sauka in tura, sai na ji tayar baya ta manne da ƙasa, hannuna bai yi tsami ba.

Sauran ba wuya. Iskar taya fara da 23 psi gaba, 26 baya. Sabuwar fatar birki ka gasa ta ta hanyar yin gudu kana kama birki kamar sau ashirin a fili kafin ka nufi dutse. Kada ka fita daji kai kaɗai, kuma ka tambayi mutanen wurin halin hanya. Da hunturu goge sandunan shokozoba da tsumma mai laushi duk dawowa, kada kuma ka kai keken wurin wankin mota a harba masa ruwan inji.