Ruwan wanki a ɗakin ƙasa: maganar da ba a yi mana kafin mu tashi

Tun da na zo hutu Gombe, da wuya yamma ta yi ba a yi sallama a gidanmu na Jekadafari ba. Wannan mijinta ya samu karatu a Kanada, waccan ɗanta ne zai tafi Amurka. Tambayar kowa rigar sanyi ce, da ko za a bari a wuce da kuka da daddawa. Nakan faɗi abin da na sani, sannan in ƙara musu da zancen da babu mai tayar da shi: ina ruwan wanki yake zuwa?

Mu a nan, in an gama wanki a tsakar gida sai a tuntsurar da baho, ruwa ya bi rariya ya faɗa kwata. Gangare ke yi mana aikin. A can kuwa, sabon zuwa galibi ɗakin da ke ƙarƙashin gida yake fara kamawa don hayarsa ta fi sauƙi, wanda suke ce wa besmen, kuma injin wanki ma a nan ake ajiye shi. A gidaje da yawa babban bututun da ke fitar da ƙazantar gida yana sama da daɓen wannan ɗaki. Ke nan sai an ɗaga ruwan kafin ya fita.

Injin wanki yana da ɗan famfonsa mai tura ruwa a ciki, amma yawancinsu ba sa tura ruwa sama da ƙafa 8, kusan mita biyu da rabi. In bututun ya yi nisa ko ya yi tsayi, sai a haɗa wani famfon dabam. Tiyon injin yana zuba a wani baho mai ƙafafu, ƙarƙashinsa akwai ɗan tanki rufaffe da bai wuce jarkar mai garuwa ba. Cikin tankin akwai inji mai kama da sumon rijiyar burtsatse, da wani ƙwallo mai yawo a kan ruwa. Ruwa na cika, ƙwallon ya taso, injin ya kunna kansa ya harba ruwan sama.

Ku dubi lissafin. Tsohon injin wanki mai buɗewa ta sama yakan sha galan 40 a wanki guda, wajen lita 150, jarka shida ke nan. Duk wannan ta ɗan tankin nan zai bi. In famfon ya tsaya, daɓenku ne zai karɓa.

Haka ta faru da ni a hunturuna na farko. Na zuba barguna na hau sama ɗora tukunya, ina saukowa na tarar ruwa ya kai ƙarƙashin katifa, ya jiƙa darduma da akwatin da atamfofina suke. Har yau ina jin zafin abin, don wasu daga cikin kayan aurena ne. Mai gyaran famfo da ya buɗe tankin, curin zare ya ciro kamar ƙuli-ƙuli, ya naɗe ƙwallon ya hana shi tashi. Burbushin zaren tufafi shi ne babban abokin gabar wannan inji. Maganinsa ɗan raga ne mai kama da safa da ake ɗaurewa a bakin tiyo. Ana samunsa da araha a shagunan kayan gini irin su Home Depot. Ku sayi da yawa, in ya cika ku canza. Omo kuma a rage hannu. In injin wankin na zamani ne, a nemi sabulu mai alamar HE, marar kumfa sosai.

Wankinku na farko kada ku bar wurin. Ku tsaya ku saurara. Famfo mai lafiya yakan tashi, ya yi ƙugi na ɗan lokaci, ya yi shiru. In kun ji yana tashi yana mutuwa bayan an gama wanki, ana iya samun bawul ɗin da ke hana ruwa dawowa ya lalace, abin da aka tura sama yana komowa. In ko ruwa na taruwa a baho babu ƙugi, ku dakatar da injin wankin nan take, ku duba soket. Wanda ake sawa kusa da ruwa yana da maɓallai biyu a tsakiya, yana yanke wuta da kansa, sai an danna ya dawo. Kada kuma a zare filogin famfon don a jona dutsen guga. Na ga gidan da hakan ya jawo ambaliya.

Ƴan'uwa, ga inda nake so ku buɗe kunne. Za ku iya ganin wani rami mai murfi a kusurwar ɗakin, shi ma da famfo a ciki. Wannan na ruwan ƙasa ne da na narkakkiyar ƙanƙara, yana zubarwa ne a waje. Idon ɗan Gombe zai ɗauke shi kwata, amma garuruwa da yawa sun hana zuba ruwan sabulu a ciki, zare kuma zai toshe abin da ke kare gidan gaba ɗaya.

In ruwa ya riga ya malala har ya taɓa waya ko soket, kada ku taka, kada yara su sauka. Ku kira mai gida, ku ɗauki hoto, ku aika masa a rubuce. Gyaran famfon galibi nasa ne, amma kayanku ba ya cikin inshorarsa, sai kun yi taku ta ƴan haya, ku kuma tambaya ko ta haɗa da ruwan da ya dawo ta bututu. A hanzarta shanya komai, don fumfuna takan kama cikin kwana ɗaya zuwa biyu, kuma ɗakin ƙasa ba shi da ranar Gombe da za ta busar muku da katifa kafin la'asar.