Kurakuran da ke ɓata mana kallon tsofaffin finafinai da na ban tsoro a gida

Da yawa daga cikin masu cewa tsohon fim ba shi da daɗi, ko fim ɗin ban tsoro bai taɓa razana su ba, a gaskiya ba su ga fim ɗin yadda aka yi shi ba. Sun kalli kwafin da aka matse shi har ya fita hayyacinsa, a talabijin ɗin da ba a taɓa gyara saitinta ba tun ranar da aka fito da ita daga kwali, da rana tsaka, ƙofa a buɗe, waya a hannu. Kuma sau tari wanda ya ba su fim ɗin ya riga ya faɗa musu ƙarshensa. Abin yana damuna, domin aikin da mutane suka zuba basirarsu a ciki ne ake yanke wa hukunci alhali ba a ba shi dama ba. Gyaran yawancin waɗannan kurakurai ba ya cin ko sisi.

A fara da talabijin ɗin kanta. Fim na silima ana ɗaukarsa ne da hotuna 24 a kowace daƙiƙa, kuma wannan ne ke ba shi irin motsin da ido ya saba da shi a matsayin na fim. Talabijin na zamani suna zuwa da wani saiti a kunne wanda ke ƙirƙiro hotunan da babu su, ya cusa a tsakanin na gaskiya, domin motsi ya yi sulɓi. Ga kallon ƙwallo yana da amfani. Ga fim kuwa ɓarna ce: sai ka ga fim ɗin 1960 ya koma kamar wanda aka ɗauka jiya da kyamarar biki, 'yan wasa suna zamewa a allo, bangon da aka gina don fim ya fito fili a matsayin katako. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa. Samsung na kiransa Auto Motion Plus, LG na kiransa TruMotion, Sony kuma Motionflow. Ɗauki rimot, shiga saitin hoto, ka kashe shi. Idan talabijin ɗinka tana da Filmmaker Mode, wanda aka sanar a 2019 da goyon bayan daraktoci irin su Martin Scorsese da Christopher Nolan, danna shi kawai, zai kashe maka wannan da sauran ƙyale-ƙyalen gaba ɗaya. In babu, zaɓi Movie ko Cinema, ka bar Vivid da Dynamic, waɗanda aka yi su don talabijin ta ɗauki ido a shago. Da farko hoton zai yi maka kamar ya dushe, ya ɗan yi ja-ja. Ba shi minti goma, idonka zai zauna.

Sai batun baƙin gefe. Wannan shi ne wanda na fi gani a gidaje. Mutum ya sa tsohon fim, ya ga baƙi a dama da hagu, sai ya ce allon bai cika ba, ya danna maɓallin buɗe hoto. Nan take fuskoki su faɗaɗa, siririn mutum ya zama gajere mai ƙiba, wata ya koma kamar ƙwai. Ko kuma ya zuƙo hoton, sai a yanke saman kai da ƙasan ƙafa, har da fassarar da ke rubuce a ƙasa. Finafinan da aka yi kafin 1953 kusan duk siffarsu ta kusa da murabba'i ce, faɗi bai fi tsayi da yawa ba. A 1953 ne aka fito da CinemaScope, faffaɗan allo ya fara yaɗuwa, shi ya sa wasu na baya za ka ga baƙin a sama da ƙasa yake. Wannan baƙin ba lalacewa ba ce. Darakta ya tsara inda kowa zai tsaya gwargwadon wannan siffa, kuma a fim ɗin ban tsoro abin da ke laɓe a can gefen hoto shi ne sau da yawa ake so idonka ya tsinkaya a makare. In ka yanke gefen, ka yanke tsoron. A bar saitin a kan Original ko Just Scan.

Mafi yawanmu a shagon masu turi muke samun fim, ko wani ya tura mana daga wayarsa, kuma don a sauƙaƙa wa memori da data sai a nemi mafi ƙanƙanta. Fim ɗin awa biyu a cikin megabait 200. Fim ɗin barkwanci da aka ɗauka cikin hasken rana zai iya jure wannan. Na ban tsoro ba zai iya ba, domin idan ana matse bidiyo wurare masu duhu ne ke fara lalacewa. Inuwar da aka shirya ta daki-daki sai ta koma ɓaƙaƙen murabba'ai masu rawa, ba ka gane ƙofa ce ko mutum. Kamar kunun da aka cika wa ruwa ne, sunan yana nan, ɗanɗanon ya tafi. Finafinan baƙi da fari ma haka, domin duk kyansu yana cikin bambancin toka-toka da baƙi. In za ka karɓi irin waɗannan, ce wa mai turi ya ba ka babban kwafi, 720 ko 1080, ko da zai ci maka wurin finafinai huɗu. Kafin ka bar shagon ka matsa zuwa wani wuri mai duhu ka duba da idonka.

Akwai finafinan da haƙƙin mallakarsu ya faɗi, kowa yana iya saka su a YouTube, kuma nan ma sai an yi zaɓe. Night of the Living Dead na George Romero, na 1968, ya shiga wannan hali ne saboda masu rarraba shi sun canza sunansa suka mance ba su sa alamar haƙƙin mallaka a sabon kwafin ba. Sakamakon haka kwafinsa sun cika intanet, wasu a dushe, wasu an shafa musu kala da kwamfuta. Nemi wanda aka rubuta an gyara shi daga ainihin faifan. Finafinan da ba su da magana, na kafin ƙarshen shekarun 1920, suna da ƙarin matsala. Da hannu ake juya kyamarar a lokacin, galibi a ƙasa da hotuna 24 a daƙiƙa, to idan aka kunna su da saurin zamani sai mutane su riƙa tafiya da gudu-gudu. Abin da aka yi don ya tayar da tsikar jiki sai ya ba da dariya. Kyakkyawan kwafi yana tafiya a natse, da kiɗan da aka tsara masa.

Sauti kuwa, rabin fim ɗin ban tsoro a kunne yake. John Carpenter da kansa ya tsara kiɗan Halloween na 1978, 'yan sautukan fiyano masu maimaituwa, kuma su ne ke riƙe da fim ɗin tun kafin a ga wuƙa. Ƙarar janareta a bayan taga da lasifikar waya ba za su bar ka ka ji takun ƙafa a saman bene ba. In kai kaɗai ne, saƙala abin ji a kunne. In da jama'a, a jira dare, a kashe ƙwai, a ajiye wayoyi. A kuma duba cajin batir ko sola tun kafin a fara, don fim ɗin da aka ɗauke wuta a tsakiyarsa, aka dawo washegari, tsoron da ya tara ya riga ya zube.

Game da fassarar baki, ina da ra'ayi. Masu ɗora Hausa a kan finafinan waje sun buɗe wa mutane da yawa ƙofar kallo, kuma a fim ɗin faɗa ko na soyayya abin yana tafiya. Amma inda aka gina fim a kan shiru, muryar da ke cike kowane gurbi da bayani ko raha tana kashe shi. Ga waɗannan, fassarar rubutu ta fi.

Wani kuskuren shi ne tura fim gaba. Minti biyar ba a yi faɗa ba, yatsa ya tafi kan rimot. Tsofaffin finafinai da na masu zaman kansu, wato waɗanda ba manyan kamfanoni suka yi ba, suna gina abu a hankali, kuma wurin da kake ganin babu abin da ke faruwa nan ne ake dasa abin da zai kama ka daga baya. Abin da nake ba da shawara shi ne a ba fim rabin awa ba tare da an taɓa komai ba. In bai kama ka ba bayan nan, kashe shi, ba laifi. Amma kar ka tsallake-tsallake shi cikin minti ashirin sannan ka fita kana cewa ba shi da ma'ana.

Yanzu ga ɓangaren ba da shawara, wanda a nan ne aka fi cutar da juna ba tare da an sani ba.

Na farko, ba da labarin ƙarshe. Mu mutane ne masu son labari, kuma idan fim ya burge mu sai mu zayyana shi tun daga farko har inda bos ya mutu. "Yaya, ka san ashe matar nan tun farko..." shi ke nan an gama da mutum. Lokacin da Alfred Hitchcock ya fito da Psycho a 1960, sharaɗi ya gindaya wa gidajen silima cewa kada a bar kowa ya shiga bayan an fara, don kada tsarin labarin ya lalace wa mai kallo. Tsufan fim ba ya halatta tona shi, domin ƙaninka da bai taɓa gani ba, a wurinsa sabo ne. Faɗi inda labarin ya faro, ka faɗi irin yanayinsa, ka tsaya. Haka nan a lokacin kallo, wanda ya riga ya gani ya riƙe bakinsa. "Ku kula da nan, ku kula da nan" tana ɓata wuri kamar yadda faɗin ƙarshe ke yi.

Na biyu ya fi nauyi, domin ya shafi yara da mutuncin gida. Ana ɗauka duk fim ɗin da ya tsufa, ko aka ga PG a jikinsa, wato alamar da ke cewa yara za su iya kallo da sa idon iyaye, ya dace da kowa. A Amurka matakin PG-13, mai gargaɗin iyaye kan yaran da ba su kai shekara 13 ba, bai wanzu ba sai 1984. Kafin nan babu komai tsakanin PG da R, matakin finafinan manya, shi ya sa Jaws na 1975 da Poltergeist na 1982 duk suke ɗauke da PG, alhali akwai wuraren da za su hana yaro barci. A ɗaya ɓangaren, finafinan Amurka na tsakanin 1934 da shekarun 1960 an yi su ne ƙarƙashin tsauraran ƙa'idojin tace fim, don haka galibinsu ba su da tsiraici ko zubar da jini a fili. Daga 1968 da aka koma tsarin matakai, abubuwa suka buɗe sosai, kuma finafinan ban tsoro na shekarun 1970 da 1980 da yawa suna haɗa kisa da tsiraici. Kafin ka sa fim a falo gaban Baba ko ƙannenka mata, ko ka tura wa abokin da ka san iyalinsa za su zauna tare da shi, buɗe shafin fim ɗin a IMDb, dandalin bayanan finafinai na intanet, ka karanta sashen Parents Guide, inda ake lissafa abin da ke ciki filla-filla. In ka ba da fim, faɗi gaskiya: akwai wuri kaza da ba na kallon taro ba ne. Amana ce.

Sannan tsoro ba iri ɗaya ba ne, kuma mai ba da shawara ya kamata ya san wanda yake magana da shi. Wani yana jure jini amma ba ya son a taɓo aljanu. Wani akasin haka. A wurinmu maganar aljani ba tatsuniya ba ce, mun yi imani da samuwarsu, don haka fim irin Under the Shadow na 2016, wanda Babak Anvari ya yi da harshen Farisa, a kan wata uwa da 'yarta a Tehran lokacin yaƙin Iran da Iraƙi, yana iya shiga jikin Bahaushe fiye da fim ɗin dodannin Turawa goma. Ga mai neman fim mai ratsa zuciya, wannan zaɓi ne mai kyau ƙwarai. Ga mai raunin zuciya, ko wanda ke kwana shi kaɗai, ko wadda ba ta daɗe da fita daga wani tashin hankali ba, kar ka ba da shi ba tare da gargaɗi ba. Tambaya ɗaya ta isa: wane fim ne ya taɓa tsorata ka, kuma ka ji daɗin tsoron ko ka yi da-na-sani?

Kar kuma a cika zuzutawa. In ka ce wa mutum wannan ne fim mafi ban tsoro a duniya, zai zauna ne yana jiran a kayar da shi daga kujera, kuma ba za a kayar da shi ba.

A riƙa faɗin shekara tare da suna. Nosferatu uku ne sanannu: na F. W. Murnau na 1922, na 1979, da na 2024. Halloween ma akwai na 1978, na 2007 da na 2018. Ka ce wa mutum ya nemo fim ba ka faɗi shekara ba, mai turi zai ba shi na baya-bayan nan, ya dawo yana mamakin abin da ka gani a ciki.

Akwai kuma raina fim ɗin masu zaman kansu, wato wanda aka yi ba da kuɗin manyan kamfanoni ba, don an ga babu fitaccen jarumi. Romero ya yi Night of the Living Dead a kewayen birnin Pittsburgh na Amurka da kimanin dala dubu 114, ya ba baƙar fata Duane Jones jagorancin wasan a zamanin da hakan ba kasafai ake yi ba, kuma duk finafinan gawarwaki masu tashi da ake yi yau daga nan suka sha. Rashin kuɗi yana tilasta wa mai fim ya yi tunani. Haka nan idan aka ce tsohon fim mai daraja, hankali yakan tafi Amurka ko Indiya kawai, a mance da na ƙofar gida. Oumarou Ganda na Nijar shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Shaihu Umar, wanda Adamu Halilu ya yi da Hausa a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya daɗe ba a ganinsa, har aka gyara shi aka nuna a bikin finafinai na Berlin a 2018. Wanda kake so ya fara son tsofaffin finafinai, in kwafin irin waɗannan ya shigo hannunka, fara masa da su. Suturar da yanayin ƙasar duk ya san su, a Shaihu Umar har da harshen, saura kawai ya saba da tafiyar fim ɗin a hankali. Daga nan sai ka miƙa masa na baƙi da fari mai magana, kuma ka ajiye marasa magana sai ya nema da kansa.